Ɗigon Ja a Katin Mai Zobe

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Yau Auta ta ci abinci. Ba wani ci ba ne, cokali biyar ko shida, a tsaye a bakin kicin, amma dai ta ci. Ina ɗaki na ji ƙarar cokali a faranti, na ƙi fitowa, kada ta gan ni ta ajiye. Alhamdulillahi. Tun ranar Asabar in ban da ruwan shayi ba abin da ya shiga cikinta.

Littafin nan ba don irin wannan na saye shi ba. Malamarmu ta ajin manya ce ta ce duk wanda ya koyi rubutu da furfura a kansa, in bai cika shafi ɗaya kullum ba hannun zai koma ya sandare. Ni kuwa me zan rubuta? Sai na riƙa rubuta abin da na kalla a talabijin, wa ya burge ni, wa ya cika surutu, wa ya fito da rigar da ba a goge mata kwala ba. Shafi sittin da wani abu duk wannan ne. Yau ne farkon da na sa maganar gidanmu a ciki.

Auta ita ce ƙaramar 'ya'yana, ita kaɗai ta rage mana a gida. Shekararta uku tana aiki a gidan talabijin, a shirin Kujera Biyu. Ba a nuna fuskarta. Ita ke rubuta wa mai gabatar da shirin tambayoyinsa a kati. Jiya sun ce ta zauna a gida sai kwamiti ya neme ta. Ko su mayar da ita, ko su sallame ta.

Ba ta yi min magana ba. Amma ta ci.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Ina shago, lokacin hutu. Tun safe zannuwan gadon wani otal muke gogewa, guda arba'in, tururi ya cika ɗakin har gilashin taga yana zufa.

Talabijin ɗin shago a saman ƙofar ɗakin ajiya take, rimot ya ɓace tun bara, sai Doguwa ta miƙa hannu ta canza tasha. Teburin gugarta yana jikin nawa, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma bakinmu bai taɓa zuwa ɗaya a kan mutum ɗaya na talabijin ba. Ita tana son mai shirin safe, ni kuwa matar nan dariya take tun baƙo bai gama magana ba. Ita tana son mai shirin girki, ni na lura bai taɓa ɗanɗana abin da ya dafa ba, wa baƙo yake miƙa cokali. Ni nawa shi ne dattijon nan mai labaran ƙarfe takwas. In an yi rasuwa ba ya murmushi, in an yi abin murna ba ya tsalle. Doguwa ta ce fuskarsa kamar ƙofar da aka kulle.

Sai ogan Auta, mai Kujera Biyu. Mu muka sa masa Mai Zobe, saboda zoben ƙaramin yatsansa da yake ƙwanƙwasa hannun kujera da shi kafin ya yi tambaya mai zafi. Doguwa ta mutu a kansa. In ya cire tabarau ya kai hankici ido, sai na ɗaga mata dutsen guga daga kan rigar mutane.

Yau ta kunna abin nan da ke yawo a wayoyi, ta kara min a kunne. Ta ce, "Wannan matar dai ta iya zuba." Sai ta tsaya tana kallona. Na ce mata sitati ya ƙare, bari in dama wani. Da na dawo ta sa wayar a jaka, ta mayar da talabijin tashar namun daji. Ta raba burodinta biyu ta turo min rabi.

Allah ya saka wa Doguwa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na yi barci. Ban san zan iya ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwana uku ina zagaye-zagaye. Bari in rubuta.

Ni ce matar da ke cikin wayoyin.

Ranar Asabar da hantsi ana shirin nan da masu kallo ke bugowa su faɗi ra'ayinsu. Shekara biyu ina gwada lambar, ba ta taɓa shiga ba. Ran nan ma da wasa na danna, niyyata in ce su rage ƙarar talla, don tana firgita Baban su in ya yi gyangyaɗi. Sai na ji an ɗauka. Kafin ni mutum uku sun bugo, duk yabon Mai Zobe suke, yadda ya zubar da hawaye a gaban matar da ruwa ya ci gidanta. Da na ji muryata tana fitowa ta talabijin, kaina ya yi girma. Maganar talla ta gudu. Na ce ni dai kukan nan nasa ban yarda da shi ba. Na ce akwai ɗigon ja da ake sa masa a kati, in ya kai wurin sai ya cire tabarau, ku lura ku gani. Yarinyar da ke gabatarwa ta yi wata dariyar yaƙe, aka katse layi.

Na juya, ga Auta a bakin ƙofa da kumfar sabulu a hannu. Wanki take a baya, ta ji muryata daga wuri biyu.

Yadda na san ɗigon kuwa, a teburin cin abinci take rubuta katunan, da manyan baƙaƙe, don ya gani ba sai ya sunkuya ba. Ni kuma manyan baƙaƙe sun fi min sauƙi, sai in zauna gefenta ina karantawa, tana gyara min. Wata rana na tambaye ta ɗigon jan biron nan na mene ne. Ta yi dariya ta ce, nan ne yake cire tabarau. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Sauran ni na ƙarasa da kaina.

Mutum uku ne kawai ke taɓa katunan a gidan talabijin ɗin. Kuma doka ce ba a fita da su daga ofis.

Na rubuta. Ƙirjina ya ɗan yi sauƙi.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Baban su bai yi min faɗa ba, shi ya fi damuna. Tun da ya ajiye tuƙin bas ba abin da yake kallo sai namun daji da labarai. Yau yana zaune ana nuna kada kwance a rana, bai ko waiwayo ba ya ce shekara talatin da biyar yana jin ra'ayina shi kaɗai, bai taɓa gajiya ba, me ya kai ni raba wa duniya. Na ce subutar baki ce. Ya ce bakin da ya yi shekara biyu yana danna lamba ba subuta ya yi ba. Sai ya nuna kadan da haɓa, ya ce shi ya sa yake son wannan, ba ya hira da kowa, ba kuma mai bugo masa waya.

Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace min. Ta ƙare da kuka. Ya rage ƙara, ya bar ni na gama, sannan ya ce yarinyar nan jininki ce, za ta sauko, amma sai ta ga dama.

Yayan Auta ya bugo daga inda yake aiki. Ya gani a waya, ya gane ni tun daga sallama. Na ce kada ya gaya wa matarsa. Ya ce ita ta nuna masa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Auta ta ce, "Mama, ina almakashi?" Na ce yana cikin gwangwanin maɓallai. Ta ce to.

"Mama" fa ta kira ni. Na tafi shago da shi a kunnena.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

An kawo takarda. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ƙarfe goma. Auta ba ta nuna min ba, Baban su ta ba, shi kuma ya bar ta a kan tebur ya fita tsakar gida, na san don ni ya yi. Na karanta sau uku. Akwai kalmomin da suka fi ƙarfina, amma na gane za a kunna mata muryar a tambaye ta ko ta san mai ita.

Na ji tana gaya masa ba za ta yi ƙarya ba. Sauran biyun da ke taɓa katin, ɗaya matar aure ce mai ciki wata bakwai, ɗayan kuma bai cika shekara da fara aiki ba, su ma an sa musu ido. Ta ce ba za ta bar su su ɗauki kayan da ba nasu ba.

Wani gefen zuciyata ya so ta ce ba ta san muryar ba. Na ji kunyar wannan gefen. Ni na raine ta a kan kada ta yi ƙarya, ga shi yau ina addu'ar da ban san yadda zan ƙarasa ta ba.

An sa Kujera Biyu ɗazu. Ban kunna ba. Doguwa ta aiko saƙo wai tambayoyin yau ba gishiri, an ga ba Auta.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na rubuta wasiƙa sau huɗu a ɗakin ajiya, a kan kwalin sabulu. Ta huɗun ba gogewa. Na roƙi mai shago rabin yinin gobe. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai ce in na je in riƙe bakina. Ashe kowa ya sani.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe uku da rabi na yamma

Na je. Ban gaya wa kowa a gida ba.

Kayana na fita na goge sau biyu. Bas biyu na hau. A bakin ƙofa maigadi ya ce wa nake nema, ina da alkawari da wani? Na ce ba ni da shi, amma ya gaya musu matar wayar ce ta zo. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kama ciki yana dariya, ya ce shi a zatonsa wata ƙatuwa ce. Ya buga waya ciki, ya ba ni wani kati na rataya a wuya.

Ɗakin jira sanyi kamar cikin firij. Kujeru a manne da juna, talabijin huɗu a bango duk ba sauti. Na zauna kusan awa biyu. Mai shirin safe ta wuce ta gabana da takalminta a hannu, fuska a ɗaure, ko alamar dariyar nan babu. Har na ji tausayinta.

Sai wata ta zo ta kai ni wani ƙaramin ɗaki mai madubi da ƙwayayen fitila kewaye da shi. Yana zaune, an cusa masa takarda a wuyan riga kada hoda ta ɓata. Gajere ne. A talabijin ba a ganewa, tunda kullum a zaune yake. Turarensa ya riga shi gaishe ni. Kuma duk wanda ya goge masa rigar nan ya ɗora dutse da zafi a kan kwala ba tare da ƙyalle ba, tana sheƙi. Na riƙe bakina.

Ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya ce, "Mama, ke ce kika tona ni?" Na ce ni ce, ni kaɗai, yarinyar ba ta san zan bugo ba. Na miƙa masa wasiƙar da hannu biyu. Ya karanta har ƙarshe, leɓɓansa suna motsi, ya ninke ya sa a aljihu.

Sannan ya ba ni labarin ɗigon. Ya ce da ya fara aiki ba ya barin baƙo ya kai ƙarshen magana, katse mutane yake, har aka kusa cire shi. Wanda ya koya masa aiki ne ya ce a riƙa sa masa alama a inda baƙo zai taɓo abin da ke ci masa rai. In ya ga alamar ya rufe baki, ya ƙirga goma a zuci. Cire tabarau kuwa don hannunsa ya sami abin yi ne. Ya ce a cikin shirun nan ne mutane ke faɗin abin da suka zo da shi.

Na ce to hawayen fa? Ya ce wani lokaci suna zuwa, wani lokaci ba sa zuwa. Ban san lokacin da na ce, "In ba su zo ba fa?"

Ya yi murmushi, ya ƙwanƙwasa zoben a bakin tebur sau biyu.

Daga nan ya ce akwai hanya. In zan zo shirin Litinin mai zuwa in zauna a kujera ta biyu, in ba da haƙuri a gaban jama'a, in ba da labarin yadda na koyi karatu da katunansa, to shi zai shiga ya yi wa kwamiti magana. Ya ce mutane za su so ni. Na ce zan zo. Ko cewa ya yi in yi rarrafe daga ƙofa zuwa kujerar, zan yi.

A bas na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Har gyaɗa na saya na ci.

Laraba, ƙarfe takwas saura na yamma

Na gaya wa Auta a kicin tana yanka albasa. Na zaci za ta yi murna.

Ta ajiye wuƙa. Ta ce wa ya aike ni. Ta ce na fasa abu, na kuma ɗauki tsintsiya na tafi ofishin mutane ina shara. Ta faɗi maganganu da yawa, wasu ba zan rubuta ba, duk na cancanta. Ta ce shekara uku tana zuwa wurin nan tun kafin masu shara, ba wanda ya san sunanta, yau kowa ya san shi saboda ni. Na tsaya ina ji.

Sai muryarta ta sauka. Ta ce, "Mama, kin san yadda ake shirya wanda zai zauna a kujerar nan? Za a zo gidan nan a yi miki tambayoyi kwana biyu, a gano inda ke miki ciwo. A rubuta a kati. Sai wani ya ɗauki jan biro ya sa ɗigo a daidai inda za ki yi kuka."

Na ce in dai zai dawo mata da aikinta, su sa goma.

Ta ce, "Ni na san wurin da za a sa shi. Ranar da kika kasa karanta takardar maganina a asibiti ina ƙarama. Ba za ki zauna a kujerar nan ba."

Ban san tana tuna ranar ba. Shekararta shida lokacin.

Ta buga masa waya a gabana, cikin ladabi, ta ce mahaifiyarta ba za ta samu zuwa ba, ta gode. Ta koma kan albasarta. Muka tsaya mu biyu idanu na ruwa, ga albasa a tsakani, ba wanda zai ce ga dalili.

Wataƙila gobe su sallame ta. Na sani. Amma yau ta yi min magana fiye da ta kwana goma sha ɗaya a haɗe, kuma da ta gama ta ce in ɗanɗana mata gishiri.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe goma da minti biyar na safe

Yanzu suna ciki. Na ƙona hannun wata farar riga. Shekara tara rabona da ƙona kayan mutane.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ta dawo ƙarfe biyu. Ta ce ta faɗi gaskiya, cewa tana zuwa da katunan gida, kuma muryar ta mahaifiyarta ce. An wanke sauran biyun nan take, mai cikin har ta rungume ta a matakala. Hukunci sai Litinin.

Na tambaye ta me suka ce. Ta ce abubuwa. Na ce Mai Zobe ya shiga? Ta ce ya shiga ya fita. Ya yi magana a kanta ko a kansa? Ta ce, Mama. Na bar maganar.

Abu ɗaya ta ƙara da kanta. Shugabar sashensu, wadda ta ce ba a taɓa ganin haƙoranta ba, ta tambaye ta me ya sa ba ta rubuta katunan a ofis. Ta ce mata ofis mutum shida ne a tebur biyu. Shugabar ta rubuta wani abu mai tsawo.

Ta kwanta da rana ta yi barci har da minshari. Na zauna a falo ina jin sa kamar waƙa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ana shirin masu bugowa. Baban su ya ɗauki wayata ya zauna a kanta.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi na rana

Ba a sallame ta ba.

Ba a sallame ta ba. Na rubuta sau biyu don in gani da idona.

Ta bugo shago. Takardar gargaɗi aka ba ta, aka kuma cire ta daga Kujera Biyu, an mayar da ita shirin manoma da ake sawa Lahadi ƙarfe bakwai na safe. Da na ajiye wayar na zauna a kan ƙullin labule. Doguwa ta yi ta yi min fifita da kwali tana cewa shirin manoma ai ba mai kallonsa sai kaji. Mai shago ta aika aka sayo lemo, muka sha a tsaye.

Na san ragi ne. Daga shirin da duk gari ke zancensa zuwa wanda ake sawa mutane na barci. Ni na jawo mata. Wannan ba zai goge ba, na kuma daina neman ya goge. Amma gobe za ta tashi ta yi wanka ta rataya katinta a wuya ta fita, kamar kowa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Jiya na kalli Kujera Biyu, ni da Baban su. Auta tana ɗaki.

Mai Zobe bai gayyaci kowa ba, ya bar kujera ta biyu ba kowa. Ya ɗaga kati ya nuna wa kyamara, ya ba da labarin ɗigon kamar yadda ya ba ni, amma ya fi tsawo, kuma yanzu wanda ya koya masa aikin ya rasu, ni bai gaya min haka ba. Ya ce wata uwa ta zo har ofis ta ba shi haƙuri, ya yafe mata. Bai faɗi suna ba, na gode masa da wannan. Can ya cire tabarau.

Doguwa ta ce ta yi kuka har maƙwabta suka leƙo. Ta ce yanzu me zan ce?

Gaskiya ya iya aikinsa. Shirun nan da yake yi, na lura jiya, ba kowa zai iya ba, mai shirin safe ko daƙiƙa biyu ba za ta kai ba. Na zalunce shi rabi. Ɗaya rabin na bar wa cikina da littafin nan.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ta dawo da taɓo har idon sawu. Motarsu ta kafe a hanyar wata gona, su huɗu suka tura. Ta ci faranti biyu. Hancinta ya yi baƙi da rana.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

An sa shirinta na farko. Na tashi Baban su tun shida da rabi, ya zauna da bargo yana gunaguni. Ita ta ce ba za ta kalla ba, amma ta tsaya a bayan kujera da kofin shayi har aka gama.

A kan wata mata ne mai kiwon awaki da ta gano yadda ake adana harawa ta kai rani ba ta yi fumfuna ba. Mai gabatarwar wani saurayi ne mai hular kwano da sabon takalmin roba.

Da aka gama Auta ta ce ya na gani. Na ce ya yi kyau ƙwarai. Ta ce ban da wannan. Na ce komai ya yi, Allah ya yi albarka. Na tashi zan kwashe kofuna.

Ta riƙe min hannun riga. Ta ce, "Mama, a wurin nan ba mai gaya mana komai. Ba mai bugowa, ba mai zagi. Ke kaɗai na sani da ta kalle shi daga farko har ƙarshe. Faɗi."

Na dubi Baban su. Ya ja bargo ya rufe kai, ya ce shi ba ya nan.

Na koma na zauna. Na ce to, yaron nan tsoron awaki yake, duk sanda ɗaya ta matso sai ya ja baya yana murmushi, kuma kowa ya gani. Na ce matar sau biyu tana so ta nuna yadda take jera harawar, ana mayar da kyamara kan fuskarsa. Na ce kiɗan da aka sa a ƙarƙashi ya danne muryarta, ga ta dattijuwa ba ta da ƙarfin murya. Na ce kuma wanda zai shiga garke ba ya zuwa da farar riga.

Na tsaya ina kallon ta.

Ta jawo takardar gargaɗin nan daga jakarta, ta juya bayanta, ta ɗauki birona daga kan tebur. Ta ce, "A hankali. Daga awakin."